Ruwa a kan ruwa: yadda aikina na ebru ke tafiya a Santambul

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau kwamitin malamai ya amince da aikin da zan kammala karatu da shi. Su uku suka zauna, na tsaya a gabansu kusan minti ashirin ina bayani da Turkanci, tafin hannuna yana gumi. Ga alkawarin da na ɗauka: kowace Litinin da safe, a cikin jirgin fiton da ke tsallakar da ni daga Uskudar zuwa Karakoy, zan dubi ruwan mashigin Bosforus in ɗauki launinsa a ɗan littafin aljihu, sannan kafin makon ya fita in sauke wannan launi a takarda ta hanyar ebru. Mako ɗaya, takarda ɗaya. A ƙarshen Mayu in ɗinke su da hannuna su zama littafi, a baje shi a Yuni tare da ayyukan 'yan ajinmu.

Ebru zane ne da ake yi a kan ruwa. Ana jiƙa wani ƙaro mai suna kitre har ruwan ya yi kauri da yauƙi, a zuba shi a wani daro mai kusurwa huɗu, a yayyafa launuka su tsaya a sama suna buɗewa, sannan a shimfiɗa takarda ta kwashe su. Kwasa ɗaya ce tak, ba a samun ta biyu irinta. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Shi daron sunansa tekne, kuma da wannan kalmar Turkawa ke kiran ƙaramin jirgin ruwa. Ranar da na gane haka a aji ce ranar da tunanin aikin ya fara zo mini.

Ɗinkin littafi ne fannina a sashen fasahohin gargajiya. Ebru kuwa shekara biyu ke nan ina taɓa shi, kullum da launukan da wani ya riga ya haɗa. Wannan karon komai ni zan haɗa, tun daga buroshi. Ɗaya daga cikin malaman ta ce aikin ya yi wa wata takwas yawa. Ni dai ina ganin zan iya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Da sassafe na tsallaka Eminonu. Kitre na saya a wurin masu kayan ƙamshi da magunguna da ke kewaye da Kasuwar Misira. Daga jikin wata ƙaya yake fita, wadda Turkawa ke kira geven, a tsaunukan Anatoliya, kuma wanda ya fi fari da tsabta shi ake nema. Kwana biyu zai yi a jiƙe, ana murza shi da hannu ana ƙara ruwa, kafin a tace shi da ƙyalle.

Bayan azahar na koma Uskudar wurin Hoja, wato Malam da Turkanci, dattijon da nake zuwa ɗakin aikinsa kowace Asabar. Ba malamin makarantarmu ba ne, a hannu ya koya, a hannu yake koyarwa. Ya miƙo mini busassun rassan wardi da damin izgar doki. Reshen wardi ba ya saurin funfuna a cikin ruwa, kuma yana da ɗan lanƙwasa idan an buga shi a yatsa. Izgar kuwa tana riƙe launi ta sake shi ɗigo-ɗigo. Buroshi shida na ɗaure, ya kwance huɗu.

"'Yata," in ji shi, "ki bar tsakiyar a buɗe. Nan launi yake kwana."

Na ce, "To, Hojam." Na sake ɗaurewa.

Sai niƙa. Launukan ebru ba sa narkewa a ruwa, da gangan kuwa, domin duk wanda ya narke zai rina kitren ya ɓata daron gaba ɗaya. Don haka niƙa su ake yi a kan falalen mabul da wani ɗan dutse mai suna destezeng, ana ɗiga ruwa, har sai ƙasan dutsen ya daina ƙas-ƙas. Na fara da shunin Lahor, wanda shi ne ƙashin bayan aikin nan duka. Awa uku da rabi, kwalba ɗaya. Saura bula, da kunkunniya, da jar ƙasa, da rawaya, da fari, da ƙasar Camlija mai ruwan taba, wadda sunanta daga tsaunin da ke bayan unguwarmu ya fito.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ga yadda mako yake cinye ni. Litinin da Laraba ɗakin ɗinki tun safe har la'asar. Talata tarihin fasahar Usmaniyya, da darasin karanta tsohon rubutunsu mai haruffan Larabci, wanda aka daina amfani da shi a 1928. Alhamis adon littafi da ruwan zinariya. Yamma biyu a mako ina wurin wani mai gyaran tsofaffin littattafai kusa da kasuwar littattafai ta Beyazit, inda makaranta ta tura mu koyon sana'a. Juma'a da Asabar kaɗai suka rage wa ebru. Garin nan ya haura mutum miliyan 15, kuma kowa gudu yake yi. Idan na tsaya ɗaure takalmi a bakin tashar jirgi sai taron ya ratsa ni ta dama da hagu.

An gama niƙa launuka bakwai, yanzu madaciya ce ta tsaya mini. Ruwan madaciyar sa ake dafawa a kan tururi a tace, a riƙa ɗiga shi cikin kowace kwalba. Shi ke sa ɗigon launi ya buɗe a saman kitre maimakon ya nitse, shi ke kuma hana launuka cakuɗewa da juna. In ya yi kaɗan launin ya nitse ƙasa, in ya yi yawa ya baje ya koɗe. Na tambayi Hoja ɗigo nawa ake sawa. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, ya kuma ce ko ya ƙirga mini yau, gobe in iska ta sauya lissafin ya tashi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi ke nan abin da yake nufi. Nawa idon bai kai nan ba tukuna, saboda haka ina ƙirgawa ina rubutawa a jikin kowace kwalba.

Takarda goma sha ɗaya na kwasa a makon nan. Babu ta kirki. Shunin nitsewa yake yi, kunkunniyar kuma tana tsinkewa kamar yashi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kitren da na jiƙa ya lalace. Na buɗe daron ranar Juma'a na tarar ya tsinke, yana wari. Ruwa ba ya tsami banza: an kunna na'urar ɗumama ɗaki a makaranta, daron kuwa yana jikinta, ni ban lura ba. Na zubar, na wanke, na jiƙa sabo.

Litinin ɗin da ta wuce ma ban ga teku ba. Ranar aka ba ni ta sabunta takardar izinin zama, dole na shiga Marmaray, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin mashigin tun 2013. Minti huɗu daga Uskudar zuwa Sirkeji. Na ratsa ruwan da nake aiki a kansa ban ga ko ɗigo ba, sai fuskata a gilashi.

Na yanke shawara mai ciwo: makonnin Oktoba sun tafi. Da niyyata in riƙa bin bashinsu daga littafin aljihu idan launukan sun nuna, amma na gwada na ga ba gaskiya a ciki. Abin da na shafa a littafin wata guda da ya wuce tabo ne kawai, idona ya riga ya manta ruwan da ya haife shi. Hoja ya ce launin da aka sa wa madaciya yana bukatar ya kwanta makonni kafin ya yi biyayya. Zan jira. Ranar da takarda ta farko ta fito, daga ranar lissafi zai fara.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ta fito.

Lodos ce ke kaɗawa a makon nan, iskar kudu maso yamma mai ɗumi da ke tayar da Tekun Marmara ta turo shi cikin mashigin, wani lokaci har a dakatar da jiragen fito. Mutanen gari suna cewa tana sa ciwon kai. Ranar Litinin ruwan ya yi kore mai datti, da farar kumfa a bakin kowace igiya, hasumiyar Kiz Kulesi tana tsaye a tsakiya kamar an jiƙa ta. Na haɗa shuni da rawaya da ɗan ƙasar Camlija, na yayyafa sau uku, na bi da fari mai madaciya da yawa don ya tsaga sauran. Ban taɓa shi da basilla ko mataji ba. Wannan salon shi ake kira battal, yayyafi kawai, kuma shi ne tushen duk sauran.

Wurin shimfiɗa takarda ne numfashina ya tsaya. Daga kusurwa ɗaya ake saukar da ita a hankali, in iska ta maƙale a ƙasa sai farin tabo ya fito inda launi bai taɓa ba. Na ja ta a kan leɓen daron, kitren ya zube, na juya. Ruwan Litinin ne, har da nauyinsa. Na daɗe a zaune a gabanta kafin in iya ɗora ta a kan katakon shanya. Santimita 35 da 50. Ta ɗaya.

Talata, 10 ga Disamba

Uku a hannu, ta huɗu tana ba ni wuya. Tun 2016 Turkiyya ta daina mayar da agogo baya da hunturu, don haka yanzu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas da kwata. Jirgina na takwas saura kwata ne. Cikin duhu muke tashi, yara 'yan makaranta suna gyangyaɗi a kan benci, mai shayi yana zagayawa da ƙananan kofunan gilashi. Ruwan baƙi ne, amma ba baƙi ɗaya ba: akwai na kusa da jirgi mai sheƙi, akwai na nesa mai shuɗi a ciki, da jan layin fitilun gada yana karkarwa a kai.

Na yi tunanin in koma jirgin tara don in sami haske. Ban koma ba. Idan na fara zaɓar lokacin da ruwa ya fi kyau, littafin zai zama na kyawawan ranaku, ba na shekarar da na yi ba.

Kunkunniya ce mafi taurin kai cikin launukana, tana da maiƙo, ba ta son ruwa. Ranar Lahadi na hau Sulaimaniyya don in huta da ita. Mimar Sinan ya gina masallacin tsakanin 1550 da 1557, ya kuma tsara iskar cikinsa yadda hayaƙin fitilun mai zai taru a wani ɗan ɗaki da ke saman babbar ƙofa, a kankare kunkunniyar a yi tawada. Na tsaya a ƙasan wurin ina tunanin littattafan da aka rubuta da hayaƙin sallar isha. Da na dawo na sake niƙa tawa awa guda, na ƙara mata ɗan shuni. Ta fara kamawa.

Asabar, 28 ga Disamba

Makon nan malamai biyu suka ja ni gefe biyu, kuma har yanzu maganganunsu suna yi mini yawo a kai.

Ranar Laraba malamin da ke koyar da fasahar zamani ya ga takarduna biyar a shimfiɗe. Ya yaba launin, sannan ya ce na ɗaure kaina da igiyar da ba wanda ya ɗaura mini. Me ya sa ba zan yi amfani da fentin kanti ba, in yi a ƙyalle mai faɗin mita biyu, in haɗa da bidiyon ruwan? A ganinsa, muddin na tsaya a girman daro da launin ƙasa, masu kallo za su ɗauki aikin a matsayin takardar bangon littafi, su wuce.

Yau kuma Hoja ya jera su a ƙasa, ya daɗe yana kallo hannunsa a baya. Ya ce hannun ya fara zama, amma launukan sun cika baƙin ciki, toka da baƙi da kore mai duhu. Abin da ya fi damunsa shi ne kiran da nake yi musu hoton teku. Ya ce ebru ba ya kwaikwayon komai. Mai ebru yana da ɗan nufinsa, ya zaɓi launi ya buga buroshi, amma inda ɗigo zai faɗa da yadda zai buɗe ba a hannunsa yake ba, na babban nufi ne, na Allah. Wanda ya ce zai tilasta wa daro ya fito masa da teku, bai san matsayinsa ba.

Bayan la'asar ya ce in rako shi. Muka hau tudun Sultantepe har Zawiyyar Uzbekawa, inda alhazan Asiya ta Tsakiya suke sauka a da. Shehunta Sadik Efendi, wanda ya rasu a 1846, a Bukhara ya koyo ebru, ya koya wa ɗansa Edhem Efendi. Daga Edhem sana'ar ta je hannun Nejmeddin Okyay, limamin masallacin Yeni Valide da ke nan Uskudar, mai rubutu, mai ɗinkin littafi, mai harbin baka, mai lambun wardi, wanda ya rayu daga 1883 zuwa 1976. Daga shi sai Mustafa Duzgunman, mai shagon kayan ƙamshi a wannan unguwa, da ya rasu a 1990. Duk silsilar a cikin 'yan titunan da nake bi kullum zuwa tashar jirgi take. Akwai lokacin da masu yin ebru a garin nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na fahimci tsoron Hoja: abin da ya kusa mutuwa sau ɗaya, mai riƙe da shi ba ya son a yi wasa da shi.

A hanyar saukowa na ce, "Hojam, ai ku kuka gaya mana sunan daga kalmar Farisanci ta gajimare ake cewa ya fito. Ke nan na farkon ma wani abu suka gani a cikin daron." Bai amsa ba. Sai da muka kai bakin masallacin Mihrimah ya ce in ƙara rawaya ko da kaɗan ne.

Ga inda na tsaya. A kan kayan aiki ina tare da Hoja ɗari bisa ɗari. Na taɓa gwada fentin kanti a shekarar bara, yana buɗewa da sauƙi, amma launinsa a kwance yake, ba ya da hatsi-hatsin nan na ƙasa da ke sa takarda ta yi zurfi. Kuma daron ƙasa da ƙaro yana jin sanyi da zafi da laima kamar yadda mashigin yake ji. Ranar da lodos ta kaɗa, duka biyun sauyawa suke yi. Wannan dangantakar ita ce aikin, fentin kanti zai kashe ta. A kan launi kuwa ba zan bi shi ba. Idan ruwan Disamba toka ne, toka zan sa.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Jarrabawar ƙarshen zango. Takwas a hannu, ta tara tana jiran Juma'a. Barci awa biyar. Mura ta kama ni, kuma na gano atishawa ɗaya a kan daro tana buɗe rami a cikin launi, don haka da takunkumi nake aiki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hutun tsakiyar shekara ya rufe ɗakin aikin makaranta, sai na sa wani maƙeri ya yi mini ƙaramin daro na kawo ɗakina. Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda nake kira teyze, wato inna, ta hau bene ta uku da kanta don ta ga abin da ke wari. Da na nuna mata madaciyar ta rufe hanci, amma ta zauna. Na ba ta buroshi ta yayyafa, ta kwashi takardarta ta sauka da ita riƙe da hannu biyu. Tun ranar, in ta ji shiru a sama ba ta kunna injin shara, don ta ji na ce ƙura ce babbar abokiyar gabar daro.

Aiki a ɗaki ya sauya abubuwa. Ina iya duba kitren da asuba, in rufe shi da takardar jarida don kada ya yi fata a sama, in gwada ɗigo ɗaya kafin in fita. Sha biyu yanzu, kuma ɓarnar ta ragu: da sai na kwashi goma kafin in sami ɗaya, yanzu huɗu ko biyar. Hakan ya zo a kan gaɓa, domin kuɗin takarda ya ƙaru sau biyu tun Oktoba. Hauhawar farashi a ƙasar nan ta rufe shekarar 2024 a sama da kashi 40 cikin ɗari, kuɗin tallafin karatu kuwa ba ya bin ta da wannan saurin.

Na fara gwajin ɗinki. Matsalar ita ce ba na son allura ta huda takardun, ba na kuma son a naɗe su biyu. Mai gyaran littattafan da nake koyo a wurinsa ya nuna mini wani tsohon kundin rubuce-rubucen hannu wanda shafukansa ke manne gefe da gefe, suna buɗewa kamar maficin takarda. Idan na bi wannan hanya, ana iya karanta littafin shafi-shafi, ana kuma iya miƙe shi gaba ɗaya a kan dogon tebur, a ga hunturu yana shiga bazara. Takarda 28 masu faɗin santimita 50 za su kai mita 14. Sai na tambaya ko zauren baje kolin zai ɗauka.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Da dare ana rataya rubutun fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai, abin da suke kira mahya, kuma daga jirgin dawowa ina karanta na Yeni Jami da na Sulaimaniyya a sama, in ga inuwarsu a wargaje a ruwa. Mai ganga yana zagaya unguwa da sahur. Bayan sallar asuba ba na komawa barci, daro nake buɗewa, gari shiru, ko manyan motocin da ke girgiza tagogi ba su fara ba. Takardun da suka fi kyau a aikin nan duka na waɗannan awannin ne. Sha shida.

Akwai abin da na daɗe ina ji a bakin mutane, sai makon nan ya shiga aikina. Bosforus ruwa biyu ne a kan juna. Na sama yana gangarowa daga Bahar Aswad zuwa Marmara, ba shi da gishiri sosai. Na ƙasa mai nauyi da gishiri yana komawa arewa. Masunta sun san haka tun da can. Daro ma haka yake aiki ta wata fuskar. Launin da aka fara yayyafawa, duk wanda ya biyo baya ture shi yake yi, ya matse shi har ya zama siraran jijiyoyi masu duhu a tsakanin manyan ɗigo. Shi ya sa kowane launi yake bukatar madaciya fiye da wanda ya riga shi, don ya sami ƙarfin buɗa wa kansa wuri. Da ina fara sa launin da na fi gani a teku, sai ya ƙare a matse. Yanzu na juya: abin da ke can ƙasa, shuɗi mai duhun da ba a gani sai jirgi ya tsaga ruwa, shi nake fara sawa, hasken sama ya zo a ƙarshe. Wata huɗu ina yin abin a juye.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ashirin da ɗaya. Furannin lale, wato tulip, sun cika lambun Emirgan, itatuwan erguvan sun fara ja a gangaren mashigin. A ɗakin Hoja kowa fure yake yi. Ana ɗiga kore da bakin basilla a ja shi ya zama kara da ganye, a ɗiga ja a tsaga shi ya zama fure. Salon da Nejmeddin Okyay ya kai ga kamala, har ake kiransa da sunansa. Na yi lale uku don hannu ya koya, ɗaya ta tsaya da kyau. Ba za su shiga littafin ba, teyze zan ba.

An ce zauren zai ɗauki mita 14 idan aka haɗa tebura a kusurwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ranar Laraba hutu ne, bikin yara na 23 ga Afrilu, ina ɗaki daro a buɗe. Ƙarfe 12:49 na rana bene ya motsa. Abin da na fara gani shi ne kitren yana hawa bangon daro yana dawowa, kafin ma jikina ya gane. Sai ƙarar kwalabe. Na durƙusa a gefen gado na rufe kaina ina salati. Da ya tsaya na sauka da gudu, na tarar da teyze a bakin ƙofarta ba takalmi, na kama hannunta muka fita.

Girgizar ta kai maki 6.2, a Tekun Marmara kusa da Silivri. Ƙananan girgiza suka yi ta biyo baya. Layin waya ya cushe, sai da yamma na sami Umma, na ce mata lafiyata lau tun kafin ta gama sallama. A filin bakin teku muka kwana tare da ɗaruruwan mutane, da barguna da yara da kyanwoyi a kwando. Teyze ta ba ni labarin daren 17 ga Agusta 1999, girgizar Izmit da ta kashe sama da mutum 17,000, da yadda suka yi makonni suna tsoron rufin ɗaki. Ta riƙe hannuna har asuba. An rufe makarantu kwana biyu.

Jiya na hau na duba. Takardu 22 suna cikin jakarsu ƙarƙashin gado, ba abin da ya same su, alhamdu lillahi. Kitren ya zube ya bushe a dabe. Kwalba biyu sun faɗo daga kanta: jar ƙasa, wadda ba na yawan amfani da ita, da shunin Lahor. Shi ne na niƙa ranar 12 ga Oktoba, wata shida yana kwance yana nuna, na san ɗigonsa kamar yadda na san muryar mutanen gidanmu. Na kwashe gilashin, na goge shuɗin da tsumma. Makon nan babu takarda.

Talata, 6 ga Mayu

Na niƙa sabon shuni ranar 27 ga Afrilu, amma ɗanye ne, nitsewa yake yi, kuma ba zai nuna kafin ƙarshen wata ba. Hoja ya ɗauko tasa kwalbar daga kanta ya zuba mini rabi, bai ce komai ba sai "ki dawo da kwalbar." Nasa ya fi nawa duhu, madaciyarsa ta fi ƙarfi, yana ture sauran launukana fiye da yadda suka saba. Dole na sake daidaita kwalabe biyar a kansa. Takarda ta 23 da shi aka yi, kuma duk wanda ya jera ta kusa da ta 22 zai ga shuɗin ya sauya. Na nuna wa malamar da ke duba aikina, ta ce in rubuta dalilin a bayanin da zan miƙa.

Kantar yanzu na ɗaure ta da bango, na sa wa bakinta katako. Jakar gaggawa tana bakin ƙofa, da fasfo da ruwa da tocila.

Jiya a jirgi ruwan ya fara haske, shuɗi mai ɗan fari a ciki. Wasu shekarun, kamar 2017, ƙananan halittu masu ɓawon alli suna yawaita a Bahar Aswad a farkon zafi, su mayar da mashigin kamar an zuba masa madara da bula. Idan hakan ya faru kafin ƙarshen Mayu, farin da ya rage mini ba zai isa ba, don haka Juma'a niƙa zan yi. Saura takarda huɗu, da manna shafuka, da fatar bango da ban riga na feƙe gefenta ba. Kitren gobe yana jiƙe tun jiya da dare.